A Bar Yaranmu Su Karanta Littattafan Binciken Kisa

Ranar wata Talata, ina tsakiyar darasin Turanci a aji uku na ƙaramar sakandare a nan Salaga, na lura wata ɗalibata ta sunkuyar da kai ƙarƙashin tebur, ba ta ma san ana duniya ba. Na kira sunanta sau biyu, shiru. Da na isa kanta na miƙa hannu, a zatona waya ce, sai ga littafi, bangonsa duk ya lanƙwashe saboda yawan hannun da ya bi. Na karɓe. Yarinyar nan ba ta roƙi in yafe mata ba, abin da ta ce kawai shi ne: "Sa, don Allah saura shafi talatin in san wanda ya kashe ta."

Na tafi da littafin gida da niyyar in duba ko akwai abin da zan kai ƙara wajen iyayenta. Bayan sallar isha'i na buɗe. To, jama'a, ban rufe shi ba sai da ladan ya yi kiran farko, har wuta ta ɗauke na ƙarasa da fitilar waya. Washegari na shiga aji ido jawur, na mayar mata da abinta, na ce ta gama a gida.

Sunan littafin A Good Girl's Guide to Murder. Wata 'yar Ingila mai suna Holly Jackson ce ta rubuta shi don matasa, ya fito a 2019. Labarin wani ƙaramin gari ne inda wata ɗaliba, Andie Bell, ta ɓace. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawar saurayinta, Sal Singh, a daji, aka ce shi ya kashe ta sannan ya kashe kansa. Ba a yi shari'a ba, ba a ga gawar yarinyar ba, amma gari duka ya gama yanke hukunci. Iyayen yaron, waɗanda asalinsu 'yan Indiya ne, suka zama abin ƙyama, ana nuna gidansu da yatsa. Bayan shekara biyar sai wata ɗaliba mai suna Pip ta ɗauki maganar a matsayin aikin makaranta, ta shiga bin mutane ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, tana rubuta abin da kowa ya ce da lokacin da ya ce ya faru, tana gwada wannan da wancan. Ba zan faɗa muku ƙarshensa ba, kar in ɓata wa mai niyyar karantawa.

Bayan mako guda mahaifin yarinyar ya tare ni a ƙofar masallaci. Dattijo ne mai mutunci, mun gaisa sosai, sannan ya ce: "Malam, na ji kai da kanka ka mayar mata da littafin kisan kai. A ƙasar nan da muke ciki, kisan da muke ji bai ishe mu ba sai an sa yara suna karanta shi?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma na san iyaye da yawa a Salaga da Yendi da Bawku haka za su ce. Amsar da ban iya ba shi cikakkiya ba a tsaye, ita nake so in bayar a nan. Ra'ayina shi ne a bar yaranmu da suka kai munzali su karanta irin waɗannan littattafai, kai, a saya musu ma, domin abin da suke koyarwa yana cikin abin da garuruwanmu suka fi rashi.

Bari in fara da ƙaramin dalili. Yaranmu ba sa karatu. Gwajin karatu na ƙasa da aka yi wa 'yan aji biyu na firamare a 2015 ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai ke iya karanta rubutu sumul su kuma fahimce shi. Waɗancan yaran su ne matasanmu na yau. Duk malamin da ya koyar da Cockcrow don jarrabawar BECE ya san yadda abin yake: mu karanta musu, mu rubuta musu amsa a allo, su haddace, su manta. Ga yarinyar da ba ta taɓa gama gajeren labari ɗaya da kanta ba, ta cinye shafi sama da 400 na Turanci cikin kwana huɗu, ba bulala, ba alkawarin maki. Me ya ja ta? Son sanin wanda ya yi kisan. Kuma irin wannan labari ba a karanta shi da rabin hankali. Dole ka riƙe cewa wane ya ce ƙarfe goma da rabi ya bar gidan, alhali wance ta ce sha biyu ta wuce. Dole ka koma baya ka duba. Abin da muke kira fahimtar karatu, wanda muka sha wahalar koyon yadda ake koyar da shi a kwalejin horar da malamai, shi ne wannan, ba wani abu ba.

Babban dalilin kuwa ya wuce jarrabawa. Duk littafin binciken kisa mai kyau yana da dabara ɗaya. Marubuci zai ajiye maka wani mutum a gaba wanda komai ya nuna shi ne: fuskarsa ba daɗi, an gan shi kusa da wurin, yana da tsohuwar gaba da mamacin. Kai mai karatu sai ka ce ai biri ya yi kama da mutum. Can gaba sai wata 'yar ƙaramar hujja ta fito ta wanke shi tas, ka ji kunya ta kama ka kai kaɗai a ɗaki. Sai ka koma kan wani, nan ma ka sha ƙasa. Kafin ka kai ƙarshe ka yi kuskure sau uku ko huɗu, kuma ba a zubar da jinin kowa ba saboda kuskurenka. Yaron da ya sha wannan kunyar a littafi biyar, in ya ji an ce "wane ne ya yi", akwai abin da zai taɓa shi a zuciya ya ce: tsaya tukuna, wa ya gani?

Mu a nan mun san kuɗin rashin wannan tambayar. A watan Yulin 2020, a Kafaba, nan kusa da mu, aka lakaɗa wa Akua Denteh, tsohuwa 'yar shekara 90, duka har ta mutu, saboda wata bokanya ta nuna ta ta ce mayya ce. Da rana tsaka aka yi, mutane na tsaye suna kallo, wani ma yana ɗauka a waya. A 2023 Babbar Kotun Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce, amma ɗauri ba ya tayar da matacce. Har yau akwai tsofaffin mata a Gnani, kusa da Yendi, da Gambaga, waɗanda aka raba da gidajensu a kan mafarkin wani ko rashin lafiyar wani yaro. Majalisa ta amince da dokar hana zargin maita a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba. Ku tuna kuma da Manjo Maxwell Mahama, wanda ya fita motsa jiki da safe a Denkyira-Obuasi ranar 29 ga Mayun 2017, aka ga bindiga a jikinsa, aka ce ɗan fashi ne, gari ya taru ya kashe shi. Soja ne a bakin aiki. Mutum 12 aka yanke wa ɗaurin rai da rai a Janairun 2024. A duka wuraren nan biyu, da an sami mutum biyar masu taurin kai da za su ce "ina hujja?", wataƙila da labarin ya sha bamban.

Yanzu kuma abin ya ƙara sauri. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp, ba suna, ba rana, kafin a sauke butar ataya ya zaga zango kaf. In ka ce a bincika, sai a ce maka ai ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne ba ya tsami banza, amma wani lokaci wani ne ya zuba masa tsamiya da gangan, kuma aikin mai hankali ya gano ko wane ne.

Akwai wani abu a littafin nan da ya taɓa ni a matsayina na ɗan zango. Me ya sa garin ya yi saurin yarda Sal Singh ne? Saboda ba nasu ba ne. Sunansa daban, fatarsa daban, zarginsa ba ya ɓata wa kowa dangantaka. Mu ba sai an fassara mana wannan ba. Kakanninmu sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka kwashe mutanen da wasunsu a nan aka yanke musu cibiya. Har gobe in an yi sata a wasu garuruwan, unguwar da ake fara kallo an san ta. Amma kar mu yi saurin ɗaukar kanmu waɗanda ake zalunta kullum. Mu ma in an tare hanya, kafin a ga fuskar kowa mun ce Fulani ne. Ɗalibaina sun ji haushin abin da aka yi wa gidan su Singh ƙwarai. Da na tambaye su, a garinmu su wa ake yi wa haka, ajin ya yi tsit, sannan wani yaro daga baya ya ce a hankali: "Sa, 'yan ruga."

Wanda yake ganin wannan tarbiyyar Turawa ce, ya koma Suratu Yusuf da muka karanta tun muna makarantar allo. Riga ce ta warware shari'ar: aka ce a duba ta ina ta yage, ta gaba ko ta baya, kuma yagewar ta wanke wanda ake tuhuma duk da cewa mai ƙarar matar babban mutum ce, shi kuwa bawa ne a gidan. Suratul Hujurat ta umarce mu da tantance labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama, ta kuma gargaɗe mu a kan yawan zato. Malaman fiƙihu sun koya mana cewa kawo hujja yana kan mai da'awa ne. Ka'idar tana hannunmu tuntuni. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne atisaye, wurin da yaro zai gwada ta da kansa har ta zame masa jiki. Littafin nan filin atisaye ne mai araha.

Na gwada a aji. Na raba allo gida uku: abin da aka gani da ido, abin da aka ji daga bakin wani, abin da ake zato. Muka riƙa ɗaukar maganar kowane mutum a labarin muna sa ta inda ta dace. Gardama ta kaure, har waɗanda ba sa buɗe baki suka shiga. Bayan kamar wata guda, kuɗin wata yarinya, sidi hamsin, suka ɓace daga jaka lokacin hutun tara. Nan take ajin ya ɗauki sunan wani yaro, wanda an taɓa kama shi da biron wani a aji ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yarda, har na kira shi gaban aji ina huci. Sai mai littafin nan ta ɗaga hannu ta ce: "Sa, wannan a wane gida za mu sa shi?" Na tsaya. Muka tambaya, wa ya gan shi ya taɓa jakar? Babu. Wa ya gan shi a cikin aji lokacin hutu? Mutum biyu, amma su ma a cikin ajin suke, tare da wasu huɗu. Duk abin da muke da shi ya faɗa gida na uku. Kuɗin nan ba a gan su ba har yau, kuma ban san wanda ya ɗauka ba. Abin da na sani shi ne na kusa tozarta yaro a gaban sa'o'insa ba tare da hujja ko ɗaya ba, yarinya 'yar shekara 15 ce ta hana ni.

To, maganar Alhaji fa? Akwai gaskiya a cikinta, kuma dole in faɗe ta.

Na farko, yaranmu ba ɗaya suke ba. Na yi karatun koyarwa a Pusiga, ina da abokan aiki a Bawku da muke waya kullum. Yaron da ya girma cikin dokar hana fita, wanda ya iya bambance ƙarar bindiga da ta salansar babur tun yana firamare, wanda ya ji yadda aka shiga har cikin makarantun sakandare na Bawku da Nalerigu aka harbe ɗalibai a Yulin 2025, ba za ka jefa masa littafin gawa ka juya baya ba. Wani zai karanta ya sami sauƙi, don a cikin littafi aƙalla ran mutum ɗaya yana da darajar da za a yi shafi ɗari huɗu ana neman haƙƙinsa. Wani kuwa zai fama masa ciwo ne. Malami da uwa su suka san wane ne wane. Kar a tilasta, kuma wanda ya ajiye a bar shi.

Na biyu, littafin an rubuta shi ne don yaran Ingila. Akwai shaye-shaye a ciki, da liyafar dare, da mu'amalar samari da 'yan mata wadda ba tamu ba. Marubuciyar ba ta yabi waɗannan abubuwa ba, hasali ma su ne silar bala'o'in da ke cikin labarin, amma suna nan. Ni ba zan ba ɗan firamare ba. Daga aji uku na ƙaramar sakandare zuwa sama, kuma babba ya fara karantawa ko ya tambayi wanda ya karanta. Sai dai mu yi wa kanmu adalci: wayar da ke hannun yaron nan da dare ta fi littafin nan haɗari nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ke duba ta.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Pip tana shiga gidajen mutane, tana bin masu laifi ita kaɗai, ana aiko mata da barazana tana ci gaba. A littafi wannan jarumta ce. A Bawku ko Yendi wannan hanyar kabari ce. Ko Ahmed Hussein-Suale, ƙwararren ɗan jarida mai bincike, harbe shi aka yi a Madina a Janairun 2019. Na gaya wa ɗalibaina ƙarara: ba a ce ku zama 'yan sanda ba. Abin da za ku ɗauka shi ne riƙe harshe da riƙe hannu, kar ku tura saƙon da ba ku tantance ba, kar ku shiga taron duka, kar ku maimaita suna don kun ji ana faɗa.

Akwai kuma inda littafi ya fi rayuwa daɗi, ya kamata yara su sani. A littafi, shafin ƙarshe yana kawo sunan mai laifi. A Yendi an kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu da mutane da dama a fadar Gbewaa a watan Maris na 2002. An kafa hukumar Wuaku, an yi shari'a, a 2011 kotu ta sallami mutum 15 saboda hujjar da aka kawo ba ta isa ba. Sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya-Na Abukari na biyu bayan doguwar sulhun da Asantehene Otumfuo Osei Tutu na biyu ya jagoranta. Zaman lafiya ya samu, alhamdu lillahi, amma shekara goma sha bakwai aka yi kowane gida da sunan da yake raɗawa. Darasin da na ɗauka shi ne, inda bincike na gaskiya ya gaza, jita-jita ce ke gadon kujerarsa. Saboda haka muna bukatar 'yan sanda masu bincike, da lauyoyi, da likitocin gawa, da 'yan jarida daga cikin 'ya'yanmu, kuma sha'awar irin wannan aiki sau da yawa daga littafin da aka karanta a ɓoye ƙarƙashin tebur take farawa.

Ba sai mun dogara da Ingila ba ma. Kwei Quartey ya rubuta Wife of the Gods a 2009, inda sufeto Darko Dawson ya tashi daga Ankara zuwa wani ƙauye a yankin Volta binciken kisan wata ɗalibar likitanci. A shekarar dai Nii Ayikwei Parkes ya fitar da Tail of the Blue Bird. Waɗannan sun fi dacewa da 'yan babbar sakandare. Ga ƙanana akwai The Mystery of the Haunted House na Ruby Yayra Goka. Ayesha Harruna Attah kuma ta nuna da The Hundred Wells of Salaga cewa garin nan namu yana iya ɗaukar labarin da duniya za ta karanta.

Abin da ban samu ba shi ne irinsa da Hausarmu, a zangonmu. Marubutan Kano sun cika kasuwa da littattafai, muna sayen su muna jin daɗi, amma ina labarin yarinyar Salaga da ta ƙi yarda cewa tsohuwar bayan gidansu mayya ce, ta bi diddigi har ta gano abin da ya kashe yaron maƙwabta ruwan rijiya ne? Ina na ɗan Bawku da aka ɗora wa abokinsa laifi saboda sunan kakansa? A garin nan Alhaji Umaru ya zauna yana rubutu da Hausa da Larabci kafin yaƙin 1892 ya watsa Salaga ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Alƙalami ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamai 'yan uwana, masu rubuta dogayen saƙonni a Facebook, ga aiki.

Kafin nan, abin da za mu iya yi ba shi da tsada. Kowace ƙungiyar matasan zango ta sayi littafi biyar maimakon rigunan ƙwallo na zango ɗaya, a ajiye wurin malami guda, a riƙa aro ana mayarwa. Masu neman tallafi daga Asusun Raya Zango su sa ɗakin karatu a cikin buƙatunsu, kusa da kwalbati da fitilar titi. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya nutse a littafi, ku tambaye shi wa yake zargi, kuma me ya sa. Za ku sha mamakin amsar.

Na koma wajen Alhaji da kaina, na zauna na ba shi labarin littafin daga farko, na tsaya daidai inda asiri zai tonu. Ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce: "To, Malam, wa ya kashe ta?" Na ce sai dai ya tambayi 'yarsa. Bai ce ya sauya ra'ayi ba, ni ma ban matsa ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa duk littafin da za ta karanta in fara dubawa, kuma ba a lokacin darasi ba. Na karɓa, don a nan shi ke da gaskiya. Littafin yanzu yana hannun ɗalibi na tara, mun manne bangon da salatif, akwai mutum shida a layi.